Darasi Na Tara: Yadda Inji Ya Raba Matan Ingila Da Aikin Cikin Gida

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa mai kaɗi ya san sana'ar ba ta hana ta komai. Tana murza mazari tana jin hirar tsakar gida, tukunya na kan murhu, jika na barci a gefen tabarma. In tuwo ya isa tuƙi sai ta ajiye mazarin cikin taskira ta tashi. In ta kwashe ta dawo, ta dangwali alli, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ba mai duba mata agogo. Ku riƙe wannan tsohuwa a ranku, domin kusan irin rayuwarta matan karkarar Ingila suke yi wajen shekarar 1750. Bambancin kawai, su da keken katako suke kaɗi, kuma gashin tumaki suka fi kaɗawa. Auduga daga baya ta yi ƙarfi.

Akwai maganar da ake yawan ji, wai zuwan masana'antu ne ya fitar da matan Turai neman kuɗi. Wannan darasi bai yarda da ita ba. Matar talaka a Ingila ba ta taɓa zama ta naɗe hannu ba, kamar yadda matar talaka ba ta zama a ko'ina. Abin da inji ya yi shi ne, ya ɗauke aikin daga ɗakinta ya kai shi wani dogon gini mai ƙararrawa da mai gadi. Neman kuɗi da reno da girki, waɗanda a da mace ɗaya ke jujjuya su a wuri ɗaya, daga ranar suka zama kishiyoyin juna.

Kafin inji

Ga yadda ake yi. Ɗan kasuwa zai bi ƙauyuka yana raba wa mata gashin tumaki a kan awo. Bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo ya karɓi zare, ya biya ladan kaɗi, ya kai wa masaƙa, waɗanda galibinsu maza ne. Kaɗi aiki ne mai cin lokaci. Kafin masaƙi ɗaya ya samu zaren da zai ishe shi sai mata huɗu ko biyar sun yi masa kaɗi, wani lokaci ma fiye. Don haka kullum neman zare ake yi, mai kaɗi kuwa ba ta rasa aiki. Sana'ar ta game 'yan mata har ta kai kalmar da Ingilishi ke kiran mai kaɗi da ita ta koma sunan duk macen da ba ta yi aure ba.

Ban da kaɗi akwai wasu ƙananan hanyoyi. Yawancin ƙauyuka suna da makiyaya ta kowa da kowa, inda matar talaka za ta kiwata saniya ɗaya ko 'yan agwagi, ta samo itacen girki. Bayan girbin alkama kuma ta fita kala ita da 'ya'yanta. Tsakanin 1750 da 1850 majalisar dokoki ta yi dubban dokokin da suka ba manyan masu gonaki damar shinge irin waɗannan filaye su zama nasu. Saniya ta tafi, nono ya tafi, itace ya koma na saye.

Kada a ɗauka rayuwar da ta gabata ta jin daɗi ce. Ladan kaɗi kaɗan ne. Yarinya tun tana shekara shida ake zaunar da ita tana taya uwarta, cikin ɗaki mai sanyi da hayaƙi. Amma uwar tana ganin jaririnta, ita ke zaɓen lokacin farawa da na tashi, kuma in ciwo ya kama ta yau, gobe aikinta na nan yana jiranta.

Injuna huɗu, shekara hamsin

A 1733 John Kay ya ƙera ƙoshiya wadda masaƙi ke fizgar igiya ta wuce da gudu, maimakon ya riƙa miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Saƙa ta ƙara sauri, ƙarancin zare ya ƙara tsanani. Wajen 1764 wani masaƙi a yankin Lankasha, James Hargreaves, ya haɗa na'urar hannu mai kaɗa zare takwas a lokaci ɗaya. Maƙwabtansa suka fasa masa na'urorinsa don tsoron abin da za su yi wa abincinsu, har ya yi ƙaura zuwa Nottingham. Duk da haka wannan na'ura ƙarama ce, tana shiga ɗaki, kuma matan da suka samu sayenta sun ɗan ji daɗinta na wasu shekaru.

Wanda ya sauya komai shi ne Richard Arkwright, tsohon wanzami. Injinsa na 1769 ya fi ƙarfin hannun mutum, sai dai doki ko ruwan kogi ya juya shi. A 1771 ya gina masana'anta a Cromford, inda ake aiki dare da rana, wasu su tashi wasu su karɓa. Ya riƙa neman magidanta masu 'ya'ya da yawa: uban ya zauna a gidan da aka ba shi haya yana saƙa, uwa da yara su wuce masana'anta. A 1779 Samuel Crompton ya haɗa dabarun injunan biyu ya fitar da wani mai yin zare siriri mai ƙarfi. Da injin tururi mai cin kwal ya shigo, sai masana'anta ta daina buƙatar bakin kogi, ta koma birni. Audugar kuwa, daga baya mafi yawanta daga jihohin kudu na ƙasar Amurka ake kawowa, inda bayi baƙar fata, maza da mata, ke nomanta ba lada. Wannan ma aikin mata ne, ko da yake ba ya shiga lissafin albashi.

A nan akwai abin da littattafai da dama ke tsallakewa. Matan da inji ya ƙwace wa aiki ba su ne suka samu aikin masana'anta ba. Masana'antu sun taru a arewa, a Lankasha da Yoksha da wajen Glasgow. Masu kaɗi kuwa sun bazu ko'ina, har ƙauyukan gabas da kudu irin na Norfolk da Suffolk da Essex, inda masana'antu kaɗan ne. Matar ɗan ƙwadagon gona a can, ko bazawara mai marayu uku, wata rana kawai ta ga ɗan kasuwa ya daina zuwa. Ba wanda ya sallame ta, domin dama ba wanda ya ɗauke ta aiki a rubuce. Kafin 1830 kaɗin hannu ya kusa mutuwa a Ingila, gidaje masu yawa suka koma dogaro da albashin miji kaɗai da ɗan tallafin da hukumar unguwa ke ba matalauta.

Wani abin mamaki kuma, sana'o'in biyu musayar hannu suka yi. Babban injin kaɗi na Crompton ya zama na maza. An ce nauyi gare shi, amma ko bayan an ƙera mai sarrafa kansa, ƙungiyoyin ƙwadagon maza sun tsaya kai da fata kada mace ta taɓa shi, saboda shi ne aikin da ya fi albashi. Saƙa kuwa, da injinta ya bazu daga wajen 1820, masu masana'antu suka ga mace ta fi araha, suka cika ɗakunan saƙa da mata. Masaƙan hannu maza suka shiga halin da matansu suka shiga a baya.

Daga asuba zuwa dare

A garuruwan Lankasha akwai sana'ar tada mutane daga barci. Mutum ne, wani lokaci tsohuwa, ke yawo da doguwar gora yana ƙwanƙwasa tagogin sama tun duhun asuba, a biya shi 'yan kwabbai a mako. Ku tuna masu kaɗa gwangwani da sahur, sai dai wannan babu ranar sallarsa. Wajen ƙarfe shida ake kunna inji. Wadda ta makara ta tarar an rufe ƙofa, a yanke mata kuɗi. Aiki awa goma sha biyu zuwa sha uku, kwana shida a mako.

Zaren auduga yana tsinkewa in iska ta bushe, don haka ake rufe tagogi a bar ɗakin da zafi da danshi. A wata masana'anta a Tyldesley, kusa da Manchesta, a 1823, tarar sule ɗaya ce a kan wanda aka kama ya buɗe taga, haka ma wanda aka ji yana fito. Ƙurar auduga na shiga huhu ta bar mutum da tari har ƙarshen ransa. Ƙarar injuna ta sa masaƙa suka koyi karanta leɓen juna, da yawa kuma suka tsufa da kurumta. Bel ɗin da ke juya inji a buɗe yake, yakan kama gashin mace ko gefen rigarta. In zare ya ƙare a ƙoshiya aka sa sabo, da baki ake zuƙo kansa ta wata 'yar kafa, sau ɗaruruwa a yini, kuma ƙoshiyar da wannan ta sa a baki ita waccan za ta ɗauka. Tarin fuka ya samu hanya.

A shekarun 1830 fiye da rabin ma'aikatan masana'antun auduga mata ne da 'yan mata, kuma yawancinsu matasa ne da ba su yi aure ba. A mafi yawan ayyuka albashin mace bai wuce rabin na namiji ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce namiji ke ciyar da iyali, ita kuwa ƙari ne kawai take kawowa. Ba a tambayi bazawara ba, ko wadda mijinta ke kwance.

To me ya sa suke rububin aikin? A nan dole mu yi adalci. Ga budurwa 'yar talaka, abin da ke gabanta bai wuce uku ba: gona, aikatau a gidan masu kuɗi, ko masana'anta. Masana'anta ta fi biya. Ranar Asabar za a ƙirga mata kuɗi a tafin hannunta, da dare da ranar Lahadi kuma ba uwar ɗakin da za ta kira ta. Ta ba iyayenta kuɗin abinci, ta sayi hula da mayafi da abin da ya rage, in gida ya yi mata zafi ta kama haya da ƙawayenta. Malaman coci da marubutan zamanin sun cika takardu da kukan cewa 'yan matan masana'anta ba su da kunya, suna da ɗaga murya, ba su iya girki ba. In ka karanta da kyau za ka ga wani ɓangare na fushin ba don wahalarsu ba ne, don ganin 'yar talaka da kuɗinta ne.

Sai dai 'yancin na ƙarewa a ƙofar aure. A dokar Ingila ta lokacin, duk abin da matar aure ta samu mallakar mijinta ne. Yana iya karɓe albashinta ya kai mashaya, alƙali ba zai ce uffan ba. Sai a 1870 aka yi dokar da ta ce abin da ta samu da guminta nata ne, a 1882 aka faɗaɗa ta ta haɗa da sauran dukiya. Ɗalibar da ta san cewa a shari'ar Musulunci sadakin mace da gadonta da ribar sana'arta nata ne, miji ba ya taɓawa sai da yardarta, za ta iya yin mamakin wannan. Mamakin yana kan hanya.

Gidan da take komawa

A 1801 mutanen Manchesta kimanin 75,000 ne. A 1851 sun haura 300,000. A ƙidayar wannan shekarar ce aka fara ganin mazauna birane sun fi na karkara yawa a Ingila. Ba wanda ya shirya wa wannan taro wurin kwana. 'Yan kwangila suka riƙa jera ƙananan gidaje baya da baya, bango ɗaya na raba biyu, ba ƙofar baya, ba taga sai ta gaba, iska ba ta ratsawa. Wanda bai iya biyan wannan ba ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ruwan kwata ke tsattsafowa ta bango. Wani likita, James Kay, ya rubuta a 1832 cewa ya ga layi a Manchesta inda mutum 380 ke amfani da masai ɗaya. A wannan shekarar kwalara ta shiga garin. Friedrich Engels, ɗan mai masana'anta daga Jamus wanda ya zauna a Manchesta daga 1842 zuwa 1844, ya bayyana kogin Irk a matsayin baƙin ruwa mai wari, cike da dattin marina da majema da na bayan gida.

Ku tsaya ku tambayi kanku: a irin wannan unguwa, wa ke ɗebo ruwa? Famfo ɗaya ne a bakin layi, ba kullum yake kawowa ba, kuma in ya kawo na ɗan lokaci ne. Wa ke tsayawa layi da bokiti, ya hau da shi bene, ya dafa, ya wanke kayan da hayaƙin kwal ke baƙantawa tun kafin su bushe? Wa ke jinyar yaro mai gudawa cikin dare? Matar da ta tsaya awa goma sha biyu a gaban inji ita ce dai. Mijinta in ya tashi aiki ya tashi ke nan. Ita kuwa aiki na biyu take tararwa, na farko da lada, na biyu babu. Lahadin da ake kira ranar hutu ita ce ranar wankinta.

A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahoto kan tsaftar unguwannin ma'aikata. Ya nuna cewa in aka haɗa shekarun waɗanda suka mutu a gidajen leburori aka raba, a Manchesta 17 ake samu, a karkarar Rutland kuwa 38. A lura da ma'anar wannan lissafi, don ana yawan yi masa mummunar fahimta. Ba cewa ake yi ma'aikaci na mutuwa yana ɗan shekara 17 ba. Jarirai da ƙananan yara ne ke mutuwa da yawa har suka janyo adadin ƙasa. Wato lissafin Chadwick, in an fassara shi, labarin iyaye mata ne masu binne 'ya'ya.

Matar auren da talauci ya tilasta wa ci gaba da aiki takan kai har gab da haihuwa tana tsaye, ta koma bayan mako biyu ko uku don kada a ba wata injinta. Babu zancen kwana arba'in, babu wankan jego, kuma ba a shiga masana'anta da goyo. Jaririn sai a bar wa yayarsa 'yar shekara bakwai, ko a kai wa wata tsohuwa a unguwa da ke tara 'ya'yan mutane ana biyanta. Maimakon nono, gurasa ce jiƙaƙƙiya da ruwa da sukari. In ya dame ta da kuka a ɗura masa wani ruwan magani mai zaƙi da ake kira Godfrey's Cordial, wanda ke ɗauke da ofiyom, sinadari mai sa maye da barci. A kowane kanti ana sayar da shi, ba takardar likita. Yaron ya yi ta barci, ya daina neman abinci, ya rame. Likitocin zamanin sun ɗora laifin a kan iyaye mata. Ni dai ban ga yadda za a zargi wadda aka ce ta zaɓa tsakanin shayar da jariri ɗaya da ciyar da yara huɗu ba.

Abinci ma ya bi agogo. Wadda ba ta da lokacin girki sai abin da ya fi sauri: gurasa, shayi, sukari, dankalin Turawa, ɗan kitse ko naman alade in an samu. In nama ya shigo gida mai gida ake fara zuba wa, don shi ne ba a so ya kwanta. Uwa ita ce ta ƙarshe. 'Yan kanti kuma na cuɗa fulawa da alli ko alif don ta yi fari ta yi nauyi. Wannan na cikin abin da ya sa ma'aikata 28 a garin Rochdale suka haɗa kuɗi a 1844 suka buɗe kantin haɗin gwiwa mai sayar da kaya marasa algus. Kuɗin mako kuwa ba ya kai mako. Ranar Litinin uwar gida ta naɗe kayan adon Lahadi na mijinta ta kai kantin jingina, ranar Asabar in an yi albashi ta fanso su da riba a kai, Litinin ta sake mayarwa. Wannan lissafi na kwabo da sule, wanda ba ya cikin littafin kowane akawu, shi ya riƙe gidaje da yawa.

Dokar da ta kare, ta kuma kora

Yara aka fara duba. Dokar 1833 ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 9 a yawancin masana'antun tufafi, ta rage wa 'yan 9 zuwa 13 lokacin aiki, aka naɗa sufetoci huɗu, huɗu tak, su lura da ƙasar gaba ɗaya.

Ranar 4 ga Yuli, 1838, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Silkstone, kusa da Barnsley. Rafi ya cika ya kwarara cikin ramin kwal na Huskar, yara 26 suka nutse, 11 daga cikinsu mata. Binciken da ya biyo baya ya fito a 1842, har da zane-zane. Wata mata mai shekara 37 daga yankin Bolton ta shaida cewa da ɗamara a ƙugu da sarƙa tsakanin ƙafafu take jan akwatin kwal, tana rarrafe cikin ruwa, kuma ta yi hakan da ciki. A gabashin Sikotilan mata ke hawa tsani da kwandon kwal a baya. Jama'a suka girgiza, ko da yake abin da ya fi tada hankalin wasu shi ne matan na sa wando suna aiki kusa da maza marasa riga. Lord Ashley ya kai ƙuduri majalisa, a shekarar aka hana mata duka, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, shiga ƙarƙashin ƙasa.

Doka ce mai kyau, ba mai musu. Amma ba ta zo da ko kwabo na diyya ba, ba ta kuma zo da wani aikin ba. Wasu matan suka riƙa sa kayan maza suna komawa ramin a ɓoye, domin cikin yara bai san doka ba. A 1844 aka taƙaita aikin mata a masana'anta zuwa awa 12 aka kuma umarci a killace injuna masu haɗari. A 1847 aka mayar da shi awa 10. Maza ma sun ci moriyar wannan, tunda inji ba ya tafiya in mata da yara sun tashi. Sai dai dokokin sun sa mace baliga a layi ɗaya da yara, kuma a majalisar da ta yi su babu mace ko ɗaya, babu kuma macen da ta jefa ƙuri'ar zaɓenta.

A hankali wani ra'ayi ya kafu, cewa mutuncin magidanci shi ne matarsa ba ta aiki. Ga mai albashi mai kauri wannan mai yiwuwa ne. Ga sauran, abin da ya faru shi ne aikin ya ɓuya. Mace ta karɓi wankau, ta ɗinka riguna a kan dozin, ta manna kwalayen ashana ita da yaranta har tsakar dare, ta ajiye 'yan haya tana dafa musu. Mai ƙidaya in ya zo sau da yawa ya rubuta ta a matsayin matar wane kawai. Kuma duk da sunan da masana'anta ta yi, a ƙidayar 1851 sana'ar da ta fi kowace ɗaukar mata a Birtaniya ita ce aikatau, mata kusan miliyan ɗaya.

Ba su zauna jiran masu tausayi kaɗai ba. A Yulin 1888 mata da 'yan mata kimanin 1,400 na kamfanin ashana na Bryant & May, a gabashin Landan, suka shiga yajin aiki bayan an kori ɗaya daga cikinsu. Kukansu shi ne tara a kan ƙananan laifuka, da wani farin sinadari na kan ashana da ke ruɓar da ƙashin muƙamuƙi. 'Yar jarida Annie Besant ta taya su yaɗa maganar. Cikin makonni kaɗan kamfanin ya soke tarar, ya mayar da wadda aka kora, su kuma suka kafa ƙungiyarsu. Sinadarin sai a 1908 majalisa ta yi dokar hana shi.

Inda zaren ya iso mu

Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya yaba yadda tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma lura cewa sana'ar a cikin gidaje ake yinta, ba ta raba iyali. A kasuwar kuma ya ga yadin Manchesta da ya ƙetaro Sahara. Wato tun lokacin, zaren matar Lankasha da na matar Kano suna tozali a rumfa ɗaya.

A 1902 masu masana'antun Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, kuma arewacin Nijeriya na cikin inda suka fi sa rai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da farko lissafinsu bai fita ba: masu kaɗi da masaƙan gida sun fi su sayen auduga da daraja, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. Amma jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ke dawowa da akoko da alawayyo da atamfa da zaren inji. Kaɗin Hausa bai mutu dare ɗaya ba, shekaru ya yi yana ja da baya, har gurza da shiɓa da abawa suka zama kalmomin da sai tsofaffi. Da aka buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha, maza ne suka cika ta. Mace a nan ba ta bi aikinta zuwa masana'anta ba. Ta zauna a gida ta koma ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da ɗinkin hula, da abincin sayarwa. Sannan injin niƙa ya zo, ya hutar da kafaɗun miliyoyin mata, ya kuma rufe abincin waɗanda daka da niƙa ne sana'arsu.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya nemi wata dattijuwa a gidansu ko a unguwa wadda ta yi kaɗi, ko ta ga mahaifiyarta na yi. A gaishe ta da kyau, a zauna, kada a yi gaggawa. A tambaye ta wa ke sayen zaren, me take yi da kuɗin, yaushe ta daina kuma me ya sa, da wace sana'a ta maye gurbinsa. A rubuta amsarta da kalmominta, ba da naku ba, ko da layi biyar ne. Wanda ya samu tsohon mazari a ƙasan adaka ya roƙi aro ya zo mana da shi aji.